Yadda Aka Sayar Da Taki Da Sunana

Assalamu alaikum, Edita. Ni tela ce a garin Ƙaraye, matar aure mai 'ya'ya huɗu. A lokacin da abin nan ya same ni ina ganin idona ya buɗe, domin na wuce ɗinkin sallah da na biki, na fara karɓar kwangilar yunifom daga makarantun kuɗi da na Islamiyya, tun daga cikin gari har Yammedi da Rogo. Ba na ƙarƙashin kowa. Ni nake zuwa Kano in yanko yadi, ni nake kai kaya. Maigidana manomi ne, bai damu da harkar takardu ba, shi ya sa duk abin da ya shafi waya da banki ni ake tambaya a gidan.

Wata shekara wata babbar makaranta ta ce za ta ba ni ɗinkin ɗalibanta duka, amma sai na kawo lambar haraji, don ba sa biyan ɗan kwangilar da ba shi da ita. Kunya ta hana ni cewa ban san yadda ake samunta ba, kuma ina tsoron in na kai kaina ofishin haraji a ɗora min na shekarun baya. Sai na kai kukana wani zauren waya na mata masu sana'a da nake ciki. Ba a jima ba wata ta biyo ni ta gefe da sallama da addu'a, tana kirana Hajiya. Ta ce aikin ƙaninta ke nan, ba sai na sha wahalar hanya ba. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma bakinta akwai daɗi. Ta nemi hoton katina na ɗan ƙasa gaba da baya, da lambar nan ta banki da ake ɗaukar zanen yatsa, da hoton fuskata, da sunan mahaifiyata. Duk na tura. Da wasu lambobi suka shigo wayata ta kira ta ce in karanto mata, na karanto ina tsaye ina tuƙa tuwo. Takardar ta fito, makaranta ta karɓa, na yi ta sa mata albarka. Har ƙawayena biyu na haɗa ta da su.

Ana gab da faɗuwar damina, wani hantsi ina kan keke, maigidana ya shigo ɗaki fuskarsa a sauye. Ya ce in sa hijabi, ana nemana a zaure. Na tarar da mai unguwarmu, da ɗan sanda, da wasu manoma da suka ce daga Rogo Ruma suke. Ashe sun sayar da gyaɗarsu sun haɗa kuɗi sun tura wa wani kamfani da ya yi musu alkawarin taki da rahusa, taki bai zo ba, waya ta mutu. Suka miƙo min takardar kamfanin. Hotona ne a kai, da cikakken sunana, da lambar harajina, asusun da suka zuba kuɗin ma da sunana aka buɗe shi. Wani saurayi a cikinsu yana ta ɗaga murya, amma ba shi ya karya min zuciya ba. Wani dattijo ne, sa'an mahaifina, ya dube ni a hankali ya ce, "'Yata, ba rigima ta kawo mu ba. Ki faɗa mana inda takin yake, ruwa ya kusa sauka." Na zauna a ƙasa a gabansu.

Da goyona a baya aka tafi da ni caji ofis, mata na leƙowa ta katanga. Ina zaune a kan benci ba abin da nake tunani sai gidan yari, da wanda zai shayar da jaririyata. Na ce a duba wayata, sai ga shi matar ta goge duk saƙonninta, nawa kaɗai suka rage, ni ce ke tura kati, ni ce ke godiya. Dagacinmu da yayana ne suka tsaya min aka ba da belina. Daga nan sai zirga-zirga, yau banki, gobe caji ofis, jibi kotu don rantsuwa. Na daina cin abinci, nonona ya kafe. In aka yi sallama a ƙofar gida sai in ajiye ɗinki in saurara ko ni ake nema. Makarantar ta karɓe aikinta ba tare da ta ce min komai ba.

Allah ya taimake ni bincike ya nuna da wani layin waya aka riƙa juya asusun, kuma a wani gari mai nisa aka cire kuɗin. Aka wanke ni, amma ba a kama kowa ba. Ranar da na je ofishin haraji don a raba sunana da kamfanin, ma'aikacin ya ce min lambar nan kyauta ake bayarwa, da na zo da kaina da an yi min. Na rasa inda zan sa fuskata. Manoman nan haka suka yi shuka ba taki. A cikin daminar na bi ta yankinsu a mota, na ga masara ta yi ɗorawa ta tsugune, na kawar da kai. Ban ci sisinsu ba, amma da hannuna na ba ɓarawo rigar da ya sa ya shiga garinsu.

Don haka nake roƙon 'yan'uwana masu sana'ar kansu, teloli da magina da masu girkin taro: in an nemi takardar haraji a wurinku, ku taka ku je ofis da kanku, ku ce ba ku sani ba a nuna muku. Kada ku tura katinku ga wanda ba ku san ƙofar gidansa ba, kada ku karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarku, ko da kuwa da ayoyi ya yi sallama. Ni an rufe wancan asusun, amma hoton katina yana hannunsu har yanzu, kuma ba wanda ya iya faɗa min a wane gari sunana yake cin kasuwa yau.