Takwaran Baba a cikin kwalba

Duk 'ya'yan Baba kowa ya yi masa takwara, sai ni. Na yi aure da daɗewa, Allah bai kawo haihuwa ba. Abin da nake da shi a Greensboro, garin da ko warin teku ba a ji, shi ne wani jatan lande guda ɗaya tal, bai kai ƙaramin yatsana ba, da aka kawo mana lab, ɗakin bincikenmu, daga bakin teku. Na duba ƙayoyin goshinsa a madubin ƙara girma har idona ya yi ja. Bai dace da kowane irin da aka sani ba. Wanda ya gano sabon iri kuwa, shi ke raɗa masa suna.

Ana cikin haka yayata ta kira daga Kano. Ƙodar Baba ta daina aiki, likita ya ce sai addu'a.

Na tare farfesar da nake aiki a ƙarƙashinta, na ce sunan mahaifina zan sa, kuma yanzu-yanzu. Ta ce sai an gwada shi da danginsa, masana sun duba, an buga, shekara ma da wuya ta isa. Shekara! Wallahi babu irin magiyar da ban yi wa matar nan ba. Har tsawa na daka mata, na dawo ina ba ta haƙuri. Ta ce abin ba a hannunta yake ba.

Na fito na rasa inda zan sa kaina. A cunkoson hanyar Wendover na gangara gefen titi, na kira Baba ta bidiyo, na nuna masa hoton jatan landen. Ban gaya masa a barasa muke jiƙa irinsu cikin kwalba don kada su ruɓe ba. Alhaji guda, ta ina zan fara?

Ya daɗe yana kallo. "Wannan ƙwaron ne ɗan naka?"

"Shi ne, Baba. Takardunsa ne ba a gama ba."

"Namiji ne?"

"Namiji ne."

Ya yi dariya har ta zame masa tari. "To madalla. Amma ka gaya wa Turawan nan su riƙa ce masa Abba, kamar sauran jikokin. Kada na ji ana kiran sunana gatsal."

Sai bayan rasuwarsa sunan ya fito. A taro masana sukan faɗe shi gatsal, ko a jikinsu. Ni har yau bakina ya kasa. In na ɗauko kwalbar, Abba nake ce masa.