Mai Ƙera Wakili a Tashar Matameye

Motar Damagaram ba ta cika ba, Najaha tana zaune a benci tana kallon mutumin da ke gefenta. Siriri ne, furfura ta fara cin gemunsa, ƙafar gilashinsa ɗaure da zare. Kwamfuta na bisa gwiwarsa, leɓunansa na motsi kamar mai lazimi.

Wayarsa ta yi ƙara. "A'a, Khalifa," yake cewa a hankali, "shirin kwamfutar nan in ya hau shafin intanet ba ya iya leƙa cikin kansa ya ƙirƙiro wakili nan take. Tun wajen haɗa shi za mu ƙera wakilin, mu koya masa duk saƙon da zai zo. Wanda muka manta, babu mai amsa shi."

Najaha ba ta san aikinsa ba, amma tana jin shi ma ya taɓa barin gida. Mijinta, kafin ya tafi cin rani Kano, ya bar wa ƙanensa amanar rumbu da awaki da maganin Inna.

Mutumin yana ƙara layi ɗaya a kwamfutarsa. Ita kuwa tana tuna abin da mijin ya manta: bai wakilta mai tambayarta yadda ta kwana ba.