Faifan Mita da Firijina

Shekarar da wutar lantarki ta iso unguwarmu a Yendi, mita ɗaya aka kafa wa gidan da muke haya, a zaure. Mai gidan, Alhaji, wani dattijo ɗan Salaga mai fataucin goro, shi ya tsara rabon kuɗin wuta. Ƙwan fitila kaso ɗaya. Fanka biyu. Sauran kaya kuwa da ido yake auna su, da kunne.

Ni ina da tsohon firij da nake sanyaya lamurje da zoɓo ina sayarwa a tasha. Da shi nake ciyar da 'ya'yana uku. Ƙato ne, kuma yana gurnani. Da takardar wuta ta zo da nauyi wata biyu a jere, Alhaji ya kira ni.

"'Yata, wannan raƙumin naki shi ke shanye mana wuta. Ran Juma'a a fitar da shi."

Na ce to, Baba.

A makarantar manya na koyi lambobi, don haka nakan tsaya in duba mitar in zan wuce. Akwai faifai a ciki mai baƙin tabo a gefe, yana juyawa. Na lura wani lokaci yana rarrafe, wani lokaci yana gudu, alhali firijina bai sauya murya ba.

Ran Alhamis da hantsi na roƙi Alhaji a kashe komai na gidan, a bar firij kaɗai. Ya zauna a kujerarsa da agogo a hannu, ni da tasbaha. Duk wucewar tabo, in ja ƙwaya ɗaya. Minti biyar, ƙwaya bakwai.

"To, sai me?" in ji shi.

Na ce a kashe firij, a kunna sauran ɗaya bayan ɗaya. Fanka, uku. Rediyo ko motsin kirki bai sa faifan ya yi ba.

Saura murhun lantarkin Hajiya, wata 'yar Bawku da ke ɗakin ƙarshe, mai sayar da wake da shinkafa. Ɗan ƙaramin abu ne na waya naɗaɗɗiya, ba ya ƙara, sai dai ya yi ja. Saboda jan nan Alhaji ya lissafa shi ƙwan fitila ɗaya.

"Wannan ɗan mitsitsin?" in ji Hajiya. "Ke ƙanwata, boko ya hau miki kai."

Ta kunna da kanta. Da ƙyar yatsuna ke bin tabon. Na wuce sittin kafin Alhaji ya ce lokaci ya yi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a sake. Aka sake.

Hajiya ta ce ai nata awa uku ne a rana, nawa kuwa ba ya barci. Gaskiyarta ce. Na zauna da fensir na ninka kowanne da awowinsa, har na ba firij yini da kwana cur, ko da yake yakan huta. Duk da haka murhun ya ɗara shi.

Alhaji ya ce firij ya zauna, kaso shida. Hajiya ta koma gawayi. Ta yi kusan wata ba ta amsa gaisuwata da kyau. Da azumi ya kama, ta zo ƙofata da kwano, ta ce in sa mata ƙanƙara.