Bidiyon da ba shi da suna

Shekara shida na yi ina tura wa mutane finafinai da wa'azi a katin memori na waya, a wata 'yar rumfa kusa da layin dogo a Agege. Bokona bai wuce firamare ba, don haka na yi wa kaina doka mai sauƙi. Idan kati ya cika, duk bidiyon da ke da suna sai in bar shi. Wanda kuwa ya fara da VID, dogayen lambobi suka biyo baya, shara nake ɗaukarsa, irin barkwancin da ake tura wa juna. Gogewa nake yi, ba na buɗewa, ba na tambaya.

Wata Juma'a wani ɗan dako daga kasuwar Mile 12, magidanci mutumin Maraɗi, ya kawo katinsa yana son tafsiri. Babu wuri. Na goge masu lambobi guda tara, na zuba masa.

Washegari ya dawo da sassafe. Ya ce akwai bidiyon mahaifiyarsa tana sussukar gero tana yi masa faɗa wai ya rame. Da hannunsa ya ɗauka a zuwansa gida na ƙarshe. Bayan wata biyu ta rasu, kuma babu mai bidiyon sai shi.

"Baba, duba mini da kyau. Ƙila ɓuya ya yi."

Na yi ta latse-latse kamar mai nema, alhali na san inda ya tafi. Daga ƙarshe na ce masa katin ne ya lalace, haka na bakin titi suke. Ya yarda. Ya dinga zargin kansa da sayen kati mai araha a Iddo, har ya ba ni haƙuri wai ya ɓata mini lokaci.

Sai ranar sunan jikata na gane. Na ɗauki bidiyo da wayata, da na duba sai ga VID da lambobi. Na ƙura musu ido, na ga shekara, wata, rana, har ƙarfe nawa. Ashe sunan da waya ke raɗa wa abin da mutum ya ɗauka da kansa ke nan. Masu sunan da nake lallaɓawa duk ina da su a kwamfuta. Waɗanda babu irinsu ko'ina su na yi ta gogewa.

Mutumin bai daina zuwa gaishe ni ba, yakan ma riƙo mini albasa. Bara na kasa karɓa, na faɗa masa gaskiya. Sai ya tambaye ni ko na buɗe kafin in goge. Na ce a'a.

"Da ka buɗe, Baba, da ka gaya mini kalar zanen da ke jikinta. Na fara mantawa."

Ya ajiye albasar a kan benci, ya yi mini sallama. Har ta yi tsiro ban iya taɓa ta ba.