Ɓarawon Fetur a Jikin Salansa

Ba na manta ranar da Baba Sule ya shigo garejina na bakin hanyar Daura bai tsokani kowa ba. Kullum idan ya zo da ni yake farawa: "Iro, yau wace lafiyayyar mota za ka kashe?" Ran nan kuwa ya kashe inji, ya yi sallama, ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallon ƙasa.

Saboda ku da kuka shigo sana'ar daga baya, bari in ɗan koma baya. Na koyi kanikanci a garejin gwamnati a nan Kazaure, zamanin da kuɗin mai ya shigo, ana shimfiɗa kwalta ko'ina, tifofi suna zuwa sababbi da leda a kujerunsu. Na fara a lebura, na zama makanike, har na kai mataimakin foman kafin na fito na buɗe nawa wurin. Motocin lokacin kafireta gare su, wato abin da ke gauraya fetur da iska kafin inji ya ƙona. Da kunne da hanci muke saita ta. Ka murɗa da sukudireba, ka saurari inji, ka sunsuni hayaƙi, shi ke nan. Mota takan gaya maka ciwonta da bakinta.

Baba Sule tun wancan zamani yake tuƙi a gidan su Alhaji Nasiru. Ya yi wa mahaifin Alhajin jigilar gyaɗa daga Roni, kuma shi ya riƙa kai Nasirun makaranta yana ƙarami. Da tsohon ya rasu, Alhaji Nasiru ya sayar da babbar motar, ya sayo a-kori-kura 'yar Kwatano. Tsohuwa ce amma tana da ƙarfi, tana ɗaukar hatsi da awaki tsakanin Gwiwa da Roni da Kazaure. Ita ba ta da kafireta. Injekta gare ta, mai fesa wa inji fetur, da wani akwati a ƙarƙashin dashbod da muke kira ƙwaƙwalwa, wanda shi ke auna man da za a ba inji.

Na ce, "Baba, lafiya dai?"

Ya ce, "Iro, an ce ni ɓarawo ne."

Ashe motar ce ta fara shan mai fiye da ƙima. Tankin da ke kai shi Gwiwa ya dawo da shi da saura, yanzu sai ya ƙara a hanya. Wasu suka kai wa Alhaji cewa tsoho yana zuƙewa da tiyo yana sayar wa 'yan bumburutu. Alhaji ya tare shi a tasha, a gaban direbobi da kamasho, ya faɗi maganar, ya ce idan kasuwar Gwiwa ta zagayo ya kawo makulli.

"Ba makullin ne ya dame ni ba," in ji Baba Sule. "Jikokina a garin nan suke."

Na kwance fulogai, na gan su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na wanke, na sake matatar iska, muka zagaya gari. Da muka dawo sun sake yin baƙi, salansa kuma tana warin ɗanyen fetur. Na san motar ce ke sha, amma ban san ta ina ba, domin babu abin da zan murɗa. Sai na kawo shawarar da kowane makanike yake kawowa a lokacin: a cire injekta da ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, a ɗora kafireta, kowa ya huta.

Baba Sule ya girgiza kai. Ya ce, "Idan ka kwashe komai ka zuba sabo, za a ce ka rufa mini asiri ne don muna tare. Ni abin da ya sha man nan nake so ka ciro mini, in riƙe shi a hannuna."

Washegari na hau babur zuwa Babura wurin Isufu, wani makanike mutumin Damagaram da ya daɗe yana taɓa irin waɗannan motoci a can ƙasarsu. Ya biyo ni. Da zuwansa bai ko buɗe bonet ba, sai ya shiga ramin gareji a ƙarƙashin motar ya bi salansa da ido, ya nuna mini wani abu mai kama da fulogi da aka murɗa a jikin bututun kusa da inji, da waya a bayansa. Na sha ganinsa, ban taɓa tambayar aikinsa ba.

Ya ce, "Wannan shi ne hancinta, sensa ake ce masa. Shi ke sunsunar hayaƙi ya gaya wa ƙwaƙwalwa ko mai ya yi yawa ko iska. Idan ya mutu, ita sai ta yi ta ɗura mai don kada inji ya ji yunwa. Man gefen hanya da ake gaurayawa shi ke toshe shi. Ku nan fetur ya yi muku araha, shi ya sa ba ku san shi ba. Mu da sefa muke saye, dole mu san mai sha."

Baba Sule ya leƙo ramin ya ce, "To mutumin Faransa, ciro shi mana." Wannan ce tsokanarsa ta farko tun da ya zo. Isufu ya ce shi Badamagare ne, kuma shi nuni ya zo yi, ciro na mai gareji ne.

A nan aikin yake. Tsatsa da zafi sun haɗe sensan da bututun kamar an yi musu walda. Idan na sa ƙarfi haƙoran murɗin suka lalace, sabo ba zai zauna ba, kuma irin wannan bututu ba a samunsa kusa, ga kasuwa tana matsowa. Na cire soket ɗin wayar tukuna, na zura sifana mai zobe ta jikin wayar don ta kama duk kusurwoyin. Na ɗiga man birki na bar shi ya jiƙa. Muka tayar da inji har bututun ya yi ɗumi ya ɗan saki, muka kashe. Na ƙwanƙwasa sifanar a hankali, ta ƙi. Na sake ɗigawa, muka je muka yi azahar. Da muka dawo na ɗan ɗaure shi kafin in kwance, gaba kaɗan, baya kaɗan, har na ji ya yi ƙara siririya ya motsa. Ya fito da haƙoransa lafiya, kansa a toshe da baƙar toka.

Da shi na je Kano aka ba ni irinsa. Wajen sa sabo, ga abin da Isufu ya koya mini kuma har yau nake bi. Ba a taɓa kansa da maiƙo, giris kaɗan a haƙoran kawai. Da hannu ake fara murɗawa kafin sifana. A ɗaure wayar nesa da zafi, sannan a cire kan batir na ɗan lokaci don ƙwaƙwalwa ta manta tsohon lissafinta.

Ranar kasuwa Baba Sule ya je tasha da tsohon sensan a aljihu, ni kuma ina biye. Ya miƙa wa Alhaji ya ce, "Alhaji, ga ɓarawonka. Amma kada ka yarda da bakina. Cika tanki da hannunka, ka shiga gaba mu je."

Haka aka yi. Da la'asar suka dawo, allurar mai ba ta yi nisa da inda take da safe ba. Alhaji Nasiru ya fito, ya tsaya a daidai wurin da ya yi maganar farko, ya jira direbobi suka taru. Sai ya cire hula, ya durƙusa.

"Baba, a nan na faɗa, a nan zan janye. Ku yafe mini."

Baba Sule ya kama hannunsa ya ce, "Tashi, Nasiru, kana ɓata shadda. Na yafe. Amma gobe kai za ka sayi shayi." Ya ci gaba da tuƙa motar har idonsa ya gaza, ya ajiye don kansa.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, ba ƙarfe kaɗai ake kawo mana ba. Bayan kowace mota akwai mutumin da ake zargi idan ta yi laifi, kuma yawanci direba ne, don shi ke kusa. Saboda haka idan aka ce muku mota tana shan mai, kada ku yi saurin kwashe abin da ba ku gane ba, kada kuma ku yi saurin kallon direba. Ku shiga rami tukuna. Idan ba ku sani ba ku hau babur ku nemo wanda ya sani, ko da daga wata ƙasa ya zo. Mutuncin wani yana iya zama a kan sifanarku.