Ranar da na kai wa Inna sakamakon awon jinina

A shekarata ta uku ta karatun likita, kafin mu fara istaj, wato koyon aiki a asibiti, aka ce sai an auna jininmu saboda ciwon hanta, wanda muke ce wa epatit B. Wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi. Ƙawayena duka suka bi layin allura. Ni lokotoron da ke koyar da mu ya kira ni ofis, ya ce ina ɗauke da ƙwayar, kuma galibi wajen haihuwa ake samunta.

Na hau kabu-kabu zuwa gidanmu a Birni. Na tarar da mahaifiyata tana tsince zogale. Na yi mata bayani kamar ina amsa jarrabawa. Ba ta daina tsinta ba.

"Wato ni na ba ki?"

"Mai yiwuwa, Inna."

"To. Gajartar ma ni na ba ki, ba ki kawo ƙara ba."

Daren nan ba ta ci tuwo ba. Washegari ta ɗaura zanen fita, ta tasa ƙannena gaba har asibiti. Ita aka sami ƙwayar a jininta, su ba a samu ba, aka fara yi musu allura. Autanmu, wanda ke da gemu, ya nemi a riƙe masa hannu.

Yanzu tare muke zuwa a duba hantarmu. Kullum sai ta fara tambayar lokotoro lafiyar tawa hantar, sannan ta yarda ta zauna.