Busasshiyar Bishiya a Tsakiyar Ruwa

Babana bai iya iyo ba. Manomi ne, kuma dattijo a cocinmu, ya tsufa a bakin tafkin nan amma ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Shi ya sa har yau in na tuna ranar nan sai raina ya ɓaci, ni kuwa dama an san ni da saurin fushi.

Da la'asar ne, farkon damina, muna dawowa Warra daga wata kasuwar ƙetare a jirgi mai inji. Tun a bakin ruwa na ce wa matuƙin, "Haba malam, ido ba mudu ba ya san kima! Buhunan albasa, ga babur, ga mutane, ina za mu zauna?" Ya yi dariya ya ce shi cikin ruwa aka haife shi. Baba ya kwaɓe ni, wai budurwa ba ta yi wa manya tsawa.

Mun raba tafiya biyu sai hadari ya taso. Iska ta karkata mu zuwa wurin da itatuwa suke tsaye cikin ruwa, busassu, ragowar dajin da tafki ya cinye tun zamanin kakanninmu. Sai ji muka yi ƙuu! Jirgi ya daki kututture. Katako ya tsage a gefe, ruwa ya fara shigowa duk sanda igiyar ruwa ta doke mu.

Nan fa salati ya tashi, wasu na kiran Allah da Annabi, mu muna kiran Yesu. Aka watsar da albasa, aka tura babur cikin ruwa mai shi yana kuka. Mata muna ta kwalfe ruwa da kwanoni. Duk da haka tsagar ba ta ɗaga sama da ruwa ba.

Matuƙin ya kamo reshen wata babbar busasshiyar bishiya, yanzu babu dariya a bakinsa. Ya ce, "Sai maza biyu sun sauka bisa iccen ga. In na kai saura, in komo da wani jirgi. In ba haka ba duk mu nutse."

Wani Basarke, masunci, ya yi tsalle ya haye. Shi ruwa gidansu ne. Saura ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai. Can sai idanu suka fara komawa kan wani ɗan ci-rani da ke rakuɓe a gefe, baƙo, babu wanda ya san garinsu. Wani mai albasa ya ce, "Kai, ba ka da mata ba ka da ɗiya a nan, tashi!" Baƙon yana ta rantsuwa bai iya ruwa ba. Mutum biyu suka kama hannuwansa.

Sai Baba ya miƙe.

Na cafke rigarsa da hannu biyu. Na ce, "Baba, zauna! Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Kai ma ba ka iya ruwa ba!"

Ya ce wa mutanen, "Ku sake shi. Ba a jefa mutum." Sannan ya dube ni. "Ɗiyata, kullum kina ji ina faɗi a coci, Yesu Mai Ceto ba janshi aka yi ba, da ƙafarshi ya tafi wurin mutuwa. Yau in zauna in yi kallo?"

Na ce, "Shi ya tashi bayan kwana uku, kai fa? Inna fa? Mi zan gaya mata?"

Ya taka bakin jirgi, Basarken ya jawo shi. Aljihun rigarsa ya yage ya zauna a hannuna. Jirgi ya ɗan ɗago, inji ya tashi. Ina waiwaye ina ganinsa rungume da icce, ruwa na dukan cinyarsa, har ruwan sama ya rufe shi.

Ban san yadda muka kai gaɓa ba. Mutane suka yi ta zuba ƙasa suna godiya. Ni kuwa na shaƙe wuyan matuƙin, na ce wallahi in bai koma yanzu ba ni da shi ne. Masu jirage suka ce iska ta yi yawa, a jira. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina roƙo ina zagi, har wani tsohon masunci ya ce, "Ya isa, yarinya," ya kunce jirginsa. Ɗan ci-ranin nan ya shiga tare da shi, ko kallona bai iya yi ba.

Na tsaya cikin ruwan sama da ƙyallen aljihu a hannu. Addu'a ta ƙi fitowa. Abin da nake ta maimaitawa kawai shi ne, "Kai ka koya masa, sai ka dawo min da shi."

Rana na gab da faɗuwa suka iso. Ɗan ci-ranin ne ya goyo Baba zuwa tudu. Ƙirjinsa duk ya saluɓe, yatsunsa sun ƙage, an ce sai da aka ɓamɓare su daga iccen. Ina kuka ina faɗa. Na ce, "Saboda mutumin da ko sunansa ba ka sani ba za ka mai da ni marainiya?"

Haƙoransa na kaɗawa ya ce, "Da kuka ɓace mini, tsoro ya kama ni har na yi kuka kamar yaro. Na zaci wanda ya sauka da kanshi ba ya jin tsoro. Sai na tuna Mai Ceto ma ya ji tsoro a daren da aka kama shi, kuma bai fasa ba."

Yanzu ina da 'ya'ya, Baba kuma ya tsufa ƙwarai. Duk sanda muka shiga jirgi kusa da shi nake zama, in riƙe gefen rigarsa. Ba ya hana ni. Amma daga ni har shi mun sani, in ranar ta sake zuwa, rigar ce kawai za ta rage a hannuna.